Neman shawara kan ɗaukar hoton namun daji da gaɓar teku a lokacin sanyin Ingila

Mai Hoto, Samaru

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa masu sana'ar hoto da masu sha'awarta, ina neman shawararku a kan wata tafiya da ke gabana. In Allah ya yarda zan tafi birnin Norwich da ke gabashin Ingila domin wani gajeren kwas, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, wato a tsakiyar sanyinsu ke nan. Na duba taswira na ga garin ba shi da nisa da teku, kuma an shaida mini cewa a wannan lokacin ne dabbar teku da ake kira sil take fitowa kan yashi ta haihu, ga kuma tsuntsayen ruwa da suke taruwa dubbai a bakin gaɓa. Burina shi ne in yi amfani da ranakun ƙarshen mako in ɗauko hotunan da zan iya wankewa manya-manya in nuna wa ɗalibai da yara a nan gida, domin da yawansu ba su taɓa ganin teku ba, ko da ta Legas ce.

Aikina a nan Zariya hoton biki ne da suna da walimar sauka da taron yaye ɗalibai. Na san yadda ake gyara wa mutum tsayuwa, na kuma san haska fitila a cikin zaure mai duhu, amma ban saba da abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya ba, ban kuma taɓa aiki a inda sanyi yake daskarar da yatsu ba. Kayan da nake da su su ne Nikon D5600, da ƙaramin gilashi 18-55, da dogo 70-300 wanda ƙofar haskensa ba ta wuce f/6.3 idan an zuƙo shi ƙarshe, sai batir biyu da wata ƙafa uku marar nauyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ko ya kamata in matsa wa kaina in sayi dogon gilashi irin 150-600 kafin in tashi, domin kuɗinsa ba kaɗan ba ne a yadda canji yake yanzu. Bayan wannan ina son sanin yadda zan kare kyamarata daga sanyi da gishirin teku, da kuma wurare da lokutan da suka fi dacewa. Duk wanda ya san wani abu a kai ya taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Malami, Kongo

Wa'alaikumus salam. Allah ya kai ka lafiya, ƙanena, ya sa a yi karatu a sa'a. Na zauna a wannan yanki lokacin da nake karatu, saboda haka zan gaya maka abin da na sani game da shi.

Kafin sanyi ya dame ka, gajartar yini ce za ta fara damunka. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Norwich wajen ƙarfe 8:00 na safe, ta faɗi kafin 4:00 na yamma, wato yinin ba ya cika awa 8, alhali mu a nan Zariya muna samun kusan awa 11 da rabi a wannan watan. Sa'an nan ranar ba ta hawa sama, domin ko da tsakar rana ba ta wuce digiri 14 daga ƙasa, mu kuwa tana kai mana wajen digiri 55. Alherin da ke cikin wannan shi ne, hasken nan mai laushi da kake jira da la'asar sakaliya, wanda yake kwantowa daga gefe ya fito da gashin dabba da ƙugun tudun yashi, shi za ka samu yini guda idan gari ya waye babu gajimare. Matsalar ita ce ranakun gajimare sun fi yawa, kuma a irinsu gilashinka mai f/6.3 zai tilasta maka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200. Kada ka ji tsoron ɗaga shi. Hoton da ya fito da ɗan yashi-yashi ana iya rage masa a kwamfuta, musamman idan a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka ɗauka, amma wanda ya girgiza ba shi da magani. Ka kuma tuna cewa azahar da la'asar da magariba duk za su same ka a cikin awa 4, saboda haka ka fita da alwala da abin salla a jaka, don kada ka bar wuri a daidai lokacin da haske ya fi kyau.

Game da sil, tafiyarka ta zo a kan gaɓa. Mai launin toka ita ce take haihuwa da sanyi, kuma a gaɓar Norfolk, lardin da Norwich yake ciki, haihuwar tana farawa a Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba, ta ƙare a cikin Janairu. Ka fara da su tun makonka na farko, domin idan ka bari sai ƙarshen tafiya za ka tarar yawancin 'ya'yan sun zubar da farin gashinsu. Wurin da ya fi maka sauƙi shi ne Horsey, arewa da Great Yarmouth, inda ake kallonsu daga saman tudun yashi, akwai igiya da aka ja da kuma masu aikin sa kai da ke nuna wa mutane inda za su tsaya. Ɗaya wurin shi ne Blakeney Point da ke hannun ƙungiyar adana wurare ta National Trust, nan ne mahaifarsu mafi girma a Ingila: a shekarar 2001 'ya'ya 25 kawai aka haifa a can, yanzu kuwa dubbai ake haifa a kowace shekara. Shi wannan a jirgin ruwa ake zuwa daga Morston, kuma tunda jirgi yana rawa, kada saurin ƙiftawar kyamararka ya yi ƙasa da 1/1000.

Ina son ka fahimci dalilin igiyar nan, domin wanda ya san dalili ba ya tsallake ta. Ana haifar ɗan sil da nauyin kilo 14 ko kusa da haka, uwar ta shayar da shi kusan mako 3 da nonon da wajen rabinsa kitse ne, yana ƙara kusan kilo 2 kowace rana, ita kuwa ba ta cin komai a tsawon wannan lokacin. Daga nan sai ta koma teku ta bar shi, ya rayu da kitsen da ya tara har ya sauya gashi ya koyi kamun kifi. Farin gashin da ake haifarsa da shi ba ya hana ruwa shiga, saboda haka ɗan da aka firgita ya faɗa teku sanyi na iya kashe shi, uwar da aka razana kuma tana iya guduwa ba ta dawo ba, shi kuma kowane shan nono da ya rasa ragi ne a guzirinsa. Alamar da nake bi ita ce, idan dabba ta ɗaga kai ta zuba maka ido, to ka matso da yawa, ka ja baya. Namijin kuma yakan kai kilo 300, yana cizo, kuma yana da sauri a kan yashi fiye da yadda jikinsa ya nuna. Hoton da ya fi kyau ma a wurin mai haƙuri yake: ka zaɓi uwa ɗaya da ɗanta, ka sa saiti a kan ido, ka jira har ta sunkuyo tana shinshina shi ko ta watsa yashi da fiffikenta.

Abu na gaba, wanda mu 'yan tudu ba mu tashi da saninsa ba, shi ne cikar teku da janyewarta. Ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Cikar da ta fi girma tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata da kuma bayan wata ya cika, wato farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, lissafin da ka riga ka iya. A arewacin Norfolk yashin shimfiɗaɗɗe ne, ruwan kuma yakan biyo ta kwararo ya zagayo ta bayan mutum alhali shi yana kallon gabansa. A Fabrairun 2004 sama da mutum 20 masu tsintar ƙumba suka halaka ta wannan hanya a Morecambe Bay, a gaɓar yammacin ƙasar. Ka duba jadawalin cikar ruwa kafin kowace fita, kuma idan wani abu ya faru lambar 999 ake kira a nemi masu tsaron gaɓa.

Wannan lissafi shi ne kuma mabuɗin tsuntsaye. A Snettisham, a bakin mashigin da ake kira Wash, idan babbar cika ta rufe taɓo sai dubun dubatar ƙananan tsuntsayen gaɓa su tashi a tare suna murɗawa a sama, kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB tana fitar da ranakun da za a ga haka. Akwai kuma wani nau'in dinya mai jan ƙafa da ke zuwa daga Iceland da Greenland, tana tashi daga makwancinta da asuba a jere tana kuka. Amma kada ka nemi tsuntsun nan mai baki kala-kala da ake yawan gani a hotunan Birtaniya, shi da sanyi yana can tsakiyar teku, sai Afrilu yake dawowa tudu.

Ra'ayina a kan gilashi shi ne kada ka saya. A kan kyamararka 300 yana aiki ne a matsayin 450, sil kuma babbar dabba ce, garken tsuntsaye ma faɗi yake so. Shi 150-600 nauyinsa ya kai kusan kilo 2, kuma a ƙarshensa shi ma f/6.3 ne, wato bai ƙara maka haske ko kaɗan ba. Kuɗin ya fi amfani a riga mai hana ruwa da iska, da takalmi mai kyau, da kuɗin mota zuwa wuraren.

Mai Gyaran Kyamara, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Malam basira. Ni aikina gyara ne, kuma kyamarorin da ake dawowa da su daga ƙasashen sanyi ko daga bakin tekun Legas sukan zo teburina da ciwo iri biyu: ko danshi ya shiga ciki, ko gishiri ya ci ƙarfe. Sanyin kansa, wanda a can yawanci yake tsakanin digiri 1 zuwa 7, ba ya lalata kyamara, batir ne kawai yake wahala. Sinadaran cikin batirin litiyam suna yin nauyin aiki idan sun yi sanyi, sai ka ga alama tana nuna ya kusa mutuwa, amma idan ka cire shi ka sa a aljihun ciki kusa da fata ya ɗumama, zai farfaɗo ya ƙara yin aiki. Ka ƙara batir biyu a kan naka, kana juya su tsakanin kyamara da aljihu. Ka sa su a jakar hannu ranar tafiya, domin ba a yarda a sa batirin litiyam na ajiya a akwatin da ke shiga ƙasan jirgi ba. Soket ɗinsu kuwa irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga ba tare da ka sayi komai ba.

Haɗarin gaske yana lokacin komawa ɗaki ne. Ka san yadda kwalbar lemo take yin gumi idan an fito da ita daga firiji, to haka kyamara mai sanyi take yi idan ta shiga ɗaki ko mota mai ɗumi, kuma gumin ba a waje kaɗai yake tsayawa ba, har tsakanin gilasan ciki da kan allon wuta. Daga nan ne fumfuna take kama gilashi bayan wasu watanni, mai kaya bai san lokacin da abin ya faru ba. Maganin ba ya cin kuɗi. Tun kana waje ka cire memori ka sa a aljihu, ka sa kyamara a leda mai zif tare da 'yan ƙullin silika irin na cikin kwalin takalmi, ka matse iskar ka rufe, sa'an nan ka shiga. Ka bar ta awa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe, kada kuma ka kai ta kusa da hita don ta yi sauri. Haka nan kada ka hura wa gilashi numfashi don ka goge shi a cikin sanyi.

Gishiri kuma ba sai igiyar ruwa ta taɓa ka yake samunka ba, iska ce take ɗauko feshinsa, za ka gane idan ka lashi leɓenka. D5600 ba ta da robobin da ke toshe ƙofofi irin na manyan kyamarori, shi kuma 70-300 duk lokacin da ka zuƙo shi ka mayar yana shaƙar iskar waje. Ka ɗaura filta marar launi a bakin gilashi, ka bar hular gilashin a kai kullum, ka lulluɓe jikin kyamarar da leda ka ɗaure bakinta da roba idan ana yayyafi. Kada ka sauya gilashi a kan yashi. Idan ya zama dole, ka juya wa iska baya, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Da ka dawo ka fara hure yashi da famfon roba, daga nan ka goge jikin da tsumma mai ɗan danshin ruwan famfo, ka bi da busasshe. Wanda ya fara da goge gilashi alhali akwai ƙwayar yashi a kai, shi ya karce kayansa da hannunsa.

A kan dogon gilashi, na yarda da Malam cewa kada ka ci bashi, amma ban yarda cewa ba shi da amfani ba. Ƙaramin tsuntsu guda da ke nesa da mita 30, 300 ba zai cika maka shi ba, kuma kai ka ce manya za ka wanke. A can akwai kamfanonin da ke ba da hayar gilashi na 'yan kwanaki. Ka yi makonnin farko da naka, idan ka ga inda ya gaza sai ka yi haya a ƙarshen makon da ka ware wa tsuntsaye.

Dattijo, Wusasa

Salamu alaikum. Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin da aka ba ka, duk sun yi kyau. Abin da zan ƙara shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Yinin da bai kai awa 8 ba, da yatsu a daskare, ba shi ne lokacin koyon bin tsuntsu a sama ba. Hunturu yana shigowa, kuma duk darasin da kake bukata yana nan kusa da gidanka.

Ka je madatsar ruwan Kubanni da ke cikin jami'a, ko fadamun kogin Galma, da sassafe bayan sallar asuba. Ka fara da balbela, domin ita ce za ta koya maka farin abu. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai matsakaici ne, saboda haka idan farar balbela tana tsaye a gaban ciyawa mai duhu, kyamara za ta ƙara haske har gashin ya ƙone ya zama fari fat babu zane, sai ka rage hasken da kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki guda a ma'aunin kyamarar. Idan kuwa farin ne ya cika hoton, ko tsuntsun yana gaban farin hazo, sai kyamara ta rage haske komai ya koma toka, a nan ƙari za ka yi. Ka kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda haske ya ƙone, ka riƙa dubawa. Ranar da ka iya fito da zanen gashin balbela a yanayin nan biyu, ka iya ɗaukar farin ɗan sil a kan jiƙaƙƙen yashi da kuma kumfar teku.

Daga nan ka koma kan shirwa, wadda ba ta wuyar samu a wajen mahauta ko inda ake ƙona ciyawa. Ka sa saurin ƙiftawa 1/1600 ko 1/2000, ka sa saitin da ke bin abu mai motsi, ka bar ISO ya zaɓi kansa, ka bi ta da ƙugu ba da hannu kaɗai ba, kana ci gaba da juyawa ko bayan ka latsa. Zalɓe kuma zai koya maka haƙuri: yakan daɗe a tsaye ba motsi, amma kafin ya kai sara yakan miƙa wuya ya karkata kai, haka kuma tsuntsaye da yawa sukan ɗan durƙusa su fuskanci iska kafin su tashi. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau, domin idan iska tana bayanka tsuntsu zai taso ne ta wajenka. Ka yi duk wannan da safar hannu a hannunka, har yatsunka su san maɓallai ba tare da ka duba ba.

Hazon namu ma malami ne. Ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana kashe kaifin duk abin da ke nesa, kuma tsawon gilashi ba ya maganin wannan, iyakarsa ya jawo maka ƙurar kusa. Hazon teku da feshin ruwa haka suke yi. Matsowa cikin natsuwa ko zama a ɓoye har dabba ta zo da kanta shi ne magani, shi ya sa nake bayan Malam a maganar saye. A Cley da ke arewacin Norfolk, wurin da aka keɓe wa tsuntsaye tun 1926, an gina bukkokin katako masu taga a bakin ruwa saboda wannan dalilin.

Akwai kuma abin da nake so matasanmu su sani. A daidai lokacin da za ka tafi, tsuntsaye da yawa na Turai suna nan wurinmu. Ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya, da ƙananan masu dogon baki da ke tsintar abinci a bakin taɓo, da wasu tsattsewa, Sahara suka ƙetaro suka zo. Shamuwa ce kawai ba za ka gani ba, ita ta yi kudancin Afirka sai damina. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani sashensa ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa a yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a shekarar 2000, yana karɓar agwagin Turai masu ɗimbin yawa tare da kirinjijiya da dinyarmu. Idan ka haɗa hotunan can da na nan, yaran da kake son nuna wa za su ga cewa fadamar bayan gidansu tana da alaƙa da wancan tekun. Sai dai ka nemi izinin masu gadi kafin ka fito da dogon gilashi a cikin jami'a, ka gaisa da masu lambu da masunta, kada kuma ka yi nisa cikin daji kai kaɗai.

Hajiya, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Baba da Malam sun gama da dabbobi, ni zan yi magana a kan gaɓar kanta, domin ita na fi ɗauka lokacin da muke zaune a can. Malam ya lissafa gajimare a cikin matsaloli, ni kuwa a wurina ranar gajimare mai nauyi ita ce ranar teku. Sararin da ya yi shuɗi tas ba ya ba hoto komai, amma baƙin hadari a kan ruwa mai launin toka, da ɗan tsagin haske a ƙasansa, shi ne hoton da mutum zai tsaya ya kalla.

A nan ƙaramin gilashinka 18-55 ya isa, sai ƙafa uku. Ka sa ISO 100, ƙofar haske f/8 zuwa f/11, sa'an nan ka yi wasa da lokaci. A 1/500 kowane ɗigon feshi zai tsaya cak. Tsakanin kwatan daƙiƙa da daƙiƙa ɗaya kuwa ruwa yana zama zare-zare, kuma sirrin shi ne ka latsa lokacin da igiyar take komawa ba lokacin da take zuwa ba, domin a komawa ne kumfa take ja farin layi a kewayen duwatsu da turakun katakon da aka kafa don tare yashi. Idan ka kai daƙiƙa 20 ko 30 ruwan yana kwantawa sumul, wannan kuma sai kafin fitowar rana ko bayan faɗuwarta, ko da filta mai rage haske. Tunda ƙafarka marar nauyi ce, kada ka miƙe ta duka, ka danna ƙafafun cikin yashi sosai, ka tsaya ta inda iska take zuwa ka tare ta da jikinka, ka kashe maganin girgiza na gilashin, ka sa kyamara ta jira daƙiƙa 2 bayan ka latsa. Ka lura da layin da sama ta haɗu da ruwa, domin karkatar da ba a gani a hoton biki a teku nan take ido yake kama ta.

Wurare uku zan ambata. A Cromer akwai doguwar gadar shaƙatawa da ta shiga cikin teku, fitilunta suna kyau da magariba. A Happisburgh akwai hasumiyar jiragen ruwa mai zanen ja da fari, amma gaɓar wurin tana zaftarewa, kada ka tsaya a bakinta ko a ƙarƙashinta. Hunstanton kuwa yamma take kallo, abin da ba a cika samu a gabashin Ingila ba, saboda haka a nan za ka ga rana ta faɗi a kan ruwa tana haska dutsen gaɓar mai ratsin ja da fari. Ka je lokacin da ruwa yake janyewa, domin jiƙaƙƙen yashi yana ɗaukar launin sama kuma babu sawun kowa a kai.

Maganar sutura, ka sa riguna marasa kauri guda uku maimakon ɗaya mai kauri, kuma ta jikin fata kada ta zama ta auduga, domin tana riƙe gumi ta sanyaya ka da zarar ka tsaya. Ka wanke ƙafa ukun da ruwan famfo duk ranar da ta taɓa teku.

Mai Hoto, Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa sayen gilashin, zan ƙara batir, kuma in sha Allah zan fara fita Kubanni da safe kamar yadda Baba ya ce. Saura tambaya ɗaya, Malam: ba zan sami mota a can ba, shin waɗannan wurare suna zuwuwa a motar haya ko jirgin ƙasa?

Malami, Kongo

Wasu suna zuwuwa cikin sauƙi, wasu sai da shiri. Akwai jirgin ƙasa daga Norwich zuwa Cromer da Sheringham, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya, daga Sheringham kuma bas yana bin gaɓa ya wuce ta Cley da Blakeney da Morston, sai dai da sanyi ana rage yawansa, saboda haka ka san lokacin na ƙarshe tun kafin ka sauka. Horsey ba ta da motar haya da za a dogara da ita. Ko ka shiga jirgi zuwa Great Yarmouth ka ɗauki tasi, kuna yarjejeniyar lokacin da zai dawo ya ɗauke ka, ko ka nemi abokin karatu mai mota ku raba kuɗin mai. Snettisham da Hunstanton suna can yamma ta wajen King's Lynn, kuma babbar cikar ruwa a can da sassafe ko da yamma take zuwa, saboda haka gara ka kwana kusa. Ranar 25 ga Disamba jiragen ƙasa ba sa aiki, ranar 26 ma kaɗan ne suke fita, kada ka sa wata tafiya a waɗannan ranaku biyu.